Hulata Tana Motar Kelang

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin jirgin sama ba. Mun hau a Yamai, mun sauka a Singafo, ƙafafun matata Hajiya sun kumbura, ni kunnuwana sun toshe, shi ke nan. Labarin ya fara ne a bakin teku, ranar da autarmu Rakiya ta nuna mana wani farin gini mai hawa goma sha biyar ta ce wai shi ne jirgin ruwan da za mu shiga. Na ce ta daina wasa da dattawa. Sai da na ga igiyoyin da aka ɗaure shi da su sannan na yarda.

Rakiya ta yi karatu a Maleziya, ta samu aikin koyarwa, ta auri wani ɗan Tawa da ke can. A lokacin tana da cikin wata huɗu. Ita ta dage sai mun zo mun ga teku kafin goyo ya ɗaure ta. Mijinta bai samu hutu ba, saboda haka mu uku muka shiga: ni, Hajiya, da ita.

Ya kamata ku san ko ni wane ne, don in ba haka ba za ku ɗauka wauta ce kawai ta sa na yi abin da na yi. Wautar tana ciki, amma tana da tushe. Shekara kusan talatin na yi ina shugabancin tashar motocin Buza da Keita a Madawa. A tasharmu, in fasinja ya zo ya ajiye hularsa ko ƙullinsa a kan kujera, ya kama wuri ke nan. Yana iya shiga kasuwa ya yi cinikinsa, ya je ya gaida surukinsa in ya ga dama. Mota ta cika, direba zai danna oda ta farko, a jima ya danna ta biyu, a jima ta uku, sannan a tura 'yan kamasho su nemo mutum. Amma mota ba ta fita ƙofar tasha da kayan mutum a ciki alhali mai kayan yana waje. Ni na tsare wannan doka da hannuna. Wani direba ya taɓa barin wata tsohuwa 'yar Deule a kasuwar Buza ya taho da ƙullinta, sati biyu na hana shi lodi, har ya turo mini limamin unguwarsu.

Abu na biyu da za ku sani shi ne shuɗiyar jaka. Hajiya tana da ciwon suga shekara takwas, allura take sha safe da maraice. Idonta ba ya ganin ƙananan lambobin, don haka ni nake yi mata. Alluran suna cikin wata 'yar jaka shuɗiya mai son sanyi. Muna shiga ɗakinmu na jirgi, kafin ma mu duba gado, Rakiya ta buɗe ɗan firijin da ke ƙarƙashin tebur ta saka ta.

Singafo mun yi mata kwana ɗaya kafin jirgi ya tashi. Gari ne da ban ga akuya ko ɗaya ba, ban ga leda a ƙasa ba, ban ga mutum ya tsaya ya gaida wani ba. Kowa sauri yake kamar an ce gidansa ya kama wuta. Rakiya ta kai mu wani lambu inda aka gina itatuwa da ƙarfe aka liƙa musu ganye. Hajiya, wadda 'yar Allakaye ce, ta san wahalar da ake sha kafin itace ɗaya ya tsaya a kan dutsen Adar, ta daɗe tana kallonsu.

"Waɗanga mutane ruwa ya yi musu yawa har sun rasa abin yi da shi," ta ce.

Mun ga wani gunki mai kan zaki da jikin kifi yana tofar da ruwa. Mutane sun yi layi suna buɗe baki a gabansa ana ɗaukarsu hoto. Rakiya ta ce in buɗe nawa, na ce ban zo duniya don haka ba. Hoton yana gidanmu yanzu, bakina a buɗe.

Cikin jirgi kuwa an rataya wa kowa kati a wuya. Da shi za ka buɗe ɗaki, da shi za ka fita, da shi za ka dawo. Abinci ba ya ƙarewa, amma kwanan farko Hajiya ba ta ci komai ba sai burodi da ayaba, tsoron naman alade. Wani ma'aikacin ɗakin cin abinci, mutumin Indonesiya, shi ya lura. Ya zo ya yi mana sallama irin tamu, ya ɗauki faranti ya bi kwanukan ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai a wannan, yana girgiza kai a wancan. Daga ranar duk inda ya hango mu sai ya ɗaga hannu. Ba ma jin yaren juna, amma Hajiya ta sa masa suna Ɗan Albarka, yana kuma amsawa.

Zangon farko shi ne Fuket, a ƙasar Tailan. A nan ne aka ɗora mini tubalin kuskurena. Jirgi ya shirya wa fasinjoji mota ta zaga da su gari, muka shiga. Aka hau da mu wani tsauni inda aka gina wani farin mutum-mutumi zaune, girmansa ya fi hasumiyar ruwa. Birai suna yawo cikin mutane ba kunya, ɗaya ya fizge gyaɗar da ke hannun Hajiya ya zauna gabanta yana ɓarewa. Daga nan aka sauke mu wata kasuwa aka ce minti arba'in. Ni kuwa sai na hango inda masu ƙananan motocin haya jajaye suke layi, na tsaya ina kallon yadda suke raba fasinja ba faɗa ba jan riga. Ɗan tasha ko Aljanna ya shiga sai ya nemi inda ake lodi. Kafin in farga na ƙara minti goma sha biyar. Na dawo na tarar mota tana tsaye, mai jagora yana bakin ƙofa yana murmushi, Turawa suna harara ta taga.

Rakiya ta ce, "Baba, don Allah. Wannan motar jirgi ce shi ya sa ta jira. Jirgin kansa ba ya jiran kowa."

"Auta," na ce mata, "mota dai mota ta, ko bisa ruwa take. Wa za ya tashi da kayan mutane?"

Ta yi shiru, don ba ta saba musu da ni ba. Na ɗauki shirun nan a matsayin na yi nasara.

Zango na biyu Penang, tsibiri ne a Maleziya. Ranar Rakiya ta tashi da amai da jiri, ko zama ba ta iya yi. Hajiya ta ce mu haƙura da fita. Ni na ce a'a. Na leƙa ta taga na ga garin nan kusa, jirgi ya jingina da shi, har ƙubbar masallaci ana hangowa. Na ce ni da na yi dako a tashar jiragen Abijan ina saurayi, wannan ɗan gari ba zai ɓatar da ni ba. Na yi wa Hajiya allurar safe, na mayar da jaka firiji. Rakiya ta rubuta mini lambar wayarta a takarda, ta rubuta huɗu da rabi da manyan lambobi ta ja layi biyu a ƙasa.

"Baba, huɗu da rabi kuna ciki. Biyar zai tashi."

"Na ji," na ce. Kuma na ji ɗin, ba zan yi wa kunnena ƙarya ba.

Penang ta shiga raina, gaskiya. Ita ce gari na farko da na ga mutane suna zama a ƙofar shago suna hira. Muka hau keken da wani tsoho ke turawa da ƙafa, an yi masa ado da furannin roba da laima. Ya bi da mu ta lungunan da aka yi wa bango zane, ya kai mu unguwar da aka kafa gidajen katako a kan ruwa, kana tafiya kana ganin teku ta tsakanin allunan. Hajiya ta riƙe rigata tana salati har muka fito. Muka yi azahar a wani babban masallaci fari, wani bawan Allah ya ba mu shinkafa da kifi a kan ganyen ayaba ya hana mu biya. Aka miƙo mana wani ɗan itace mai ƙaya, suka ce shi ne sarkin 'ya'yan itace. Warinsa kaɗai ya sa Hajiya ta koma bayan ginshiƙi.

Wajen ƙarfe huɗu muka juyo, muka biyo ta unguwar Indiyawa, inda turare da yaji suke kama maka hanci. A nan na ga albasa. 'Yan mitsi-mitsi ne jajaye, an tara su a kwando kamar abin arziki. Mutumin Madawa ba ya ganin irin wannan ya wuce bai ce komai ba. Na ɗauki ɗaya na jinjina, na girgiza kai. Mai shagon, wani dattijo mai farin gemu, ya taso yana tambaya da hannu. Na ciro wayata na nuna masa hoton albasar gonar ƙanena, kowace ɗaya ta cika tafin hannu. Ya riƙe baki. Ya kira maƙwabcinsa, maƙwabcin ya kira wani. Aka jawo mini kujera, aka yanka tasu aka miƙo in sansana, aka aika a kawo shayi mai madara. Ni kuma na buɗe baki ina ba su labarin rumbun albasa da Hausa da guntun Faransanci, suna gyaɗa kai kamar suna ji.

"Alhaji, tashi mu tahi," in ji Hajiya. "Auta ta ce huɗu da rabi."

"An kawo shayi, Hajiya. A bar shayin mutane?"

Ba a jima ba muka ji ƙarar jirgi, doguwa, har gilashin shago ya amsa. Hajiya ta miƙe tsaye.

"Wagga ta hwarko ta," na ce. "Saura biyu. Kayanmu na ciki, ɗiyarmu na ciki, ina za shi?"

"Wanga ba motar Buza ba ta, Alhaji!"

Na kurɓe shayina a hankali, na yi sallama da kowa hannu da hannu, sannan muka kama hanya. Ban ko yi sauri ba, don ina jiran ta biyu.

Da muka fito bakin tashar, abin da na fara gani shi ne ruwa. Ruwa tsakanin jirgi da ƙasa, faɗinsa bai fi a jefa dutse ba, amma yana ƙaruwa. An naɗe igiyoyi, an janye matakala. Mutane sun cika saman jirgin suna kallonmu, wasu har tafi suke yi. Na ɗaga hannu ina ihu da muryar da nake tsayar da manyan motoci a Madawa, "Tsaya! Akwai mutane!" Ko gezau.

Can sai na hango ta. Rakiya ce a jikin ƙarfen wani bene, ba mayafi, ta ɗaga jakar shuɗiya sama da hannu biyu. Daga baya na ji abin da ya faru. Ma'aikatan jirgi sun kira sunanmu sau uku, ta sauko da jirinta ta roƙe su, suka jira minti goma. Suka ce ta kawo fasfunanmu, ta kawo, aka miƙa wa ma'aikaciyar tasha. Sai ta tuna da allura, ta ruga hawa na goma sha ɗaya, kafin ta dawo an rufe ƙofa. Ina tsaye ina kallon jakar nan tana ƙanƙancewa har na daina rarrabe ta da ruwa. Ni na fi kowa sanin ƙarfe nawa ake yin allurar maraice. Na ji kunya da tsoro irin waɗanda ban taɓa ji ba.

Hajiya ta juya wa teku baya. Ta nemi wani dakali ta zauna, ta gyara mayafinta.

Kafin in dawo hayyacina wani mutum mai baƙin tabarau ya kama hannun rigata. "Haji, Haji," yake cewa, yana nuna jirgi, yana kwaikwayon ƙaramin kwale-kwale mai gudu da hannunsa, yana murza yatsu alamar kuɗi. Wallahi na bi shi taku uku. Sai na lura idonsa ba ya kan jirgi, yana kan aljihuna. Na san kallon nan. Shi ne kallon masu sayar wa baƙo kujera a motar da ba ta nan, na kori irinsu daga tasha ba adadi. Na zare hannuna na ce masa da Hausa ya je ya nemi wani. Ya ji ni sarai.

Wadda ta cece mu wata gajeriyar mata ce 'yar asalin Sin, da rigar aiki mai ɗaukar ido da fasfunanmu a hannu. Madam Tan sunanta. Ba ta yi mana faɗa ba, ba ta yi dariya ba, da gani mun zama na ɗari a wurinta. Na miƙa mata takardar Rakiya, ta buga, ta sa mini wayar a kunne.

"Baba, kuna lahiya? Inna hwa?" Kuka take.

"Auta, ni na yi. Ki yahe mani."

"Ba lokacin wannan ba ne, Baba, waya za ta yanke. Ka saurara. Gobe jirgi zai tsaya Kelang, nan cikin Maleziya, har ƙarfe biyar. In kun same shi can, shi ke nan. In ya tashi, Singafo zai koma, wata ƙasa ce, kuma allurar Inna tana hannuna. Ka ji ni? Huɗu da rabi, Baba."

Wannan karon ban ce na ji ba. Na ce in sha Allahu.

Madam Tan ta tashi daga aiki amma ba ta tafi gida ba. Ta sa mu a motarta ta kai mu wani ƙaramin asibiti. Rakiya ta turo mata hoton kwalin allurar kafin waya ta yanke. Likitan ya soki yatsar Hajiya, ya dubi na'ura, ya dube ni. Ba sai an fassara mini fuskarsa ba. Madam Tan ta yi ta magana cikin wayarta, wayar tana maimaita mini da Faransanci: irin allurar Hajiya ba shi da ita, zai yi mata wata da za ta riƙe ta zuwa safe, amma lallai gobe ta samu tata, kuma in ta fara rikicewa a hanya a nufi asibiti da ita.

Ta sama mana ɗaki a wani masauki kusa da masallacin da muka yi azahar. Da aka kira magariba na zauna a bakin taga. Na lissafa, a Madawa yanzu rana ce tsaka, tasha ta cika, masu fura sun jera ƙoransu a gindin itacen bedi, ana ɗaure buhuna a saman motar Keita, wani yana ta danna oda don wata tsohuwa ta tsaya cinikin kanwa. Da za a ce in ba da duk benayen Singafo a mayar da ni gindin bedin nan da matata lafiya, da ban tsaya tunani ba. Hajiya ta yi sallarta a zaune, ta sha ruwa kofi uku, ta juya wa bango fuska. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe Madam Tan ta zo da kanta ta kai mu tashar manyan motoci. Ta rubuta sunan tashar jirgin Kelang a takarda, ta nuna wa direba, ta damƙa mini. Na rasa abin da zan ba ta, sai na ciro goron da ya rage a aljihuna. Ta karɓa da hannu biyu ta juya shi tana dubawa, ba ta san ko mene ne ba, ta sa a jaka.

Direban guntu ne mai furfura, da farar riga da agogo babba. Ƙarfe takwas daidai ya rufe ƙofa ya tashi, da kujeru bakwai babu kowa. Ko a cikin tashin hankalina sai da abin ya sosa mini rai. Kujerunmu suna can baya. Muka haye wata doguwar gada a kan teku, muka shiga gonakin kwakwar manja da ba su da iyaka, ga duwatsu farare da daji ya lulluɓe. Ƙasa ce kyakkyawa, amma ban kalle ta sosai ba, fuskar Hajiya nake kallo. Leɓɓanta sun bushe. Ta shanye gorar ruwa biyu, kanta yana ta langaɓewa a kafaɗata.

Wajen sha ɗaya mota ta ratse wani zango mai shaguna da masallaci. Direba ya miƙe ya nuna yatsu goma, ya ƙara biyar, ya buga agogonsa da yatsa. Na riƙe Hajiya har ƙofar bayin mata, ta shiga, na tsaya a waje. Minti biyar, minti goma. Fasinjoji suka fara komawa da ledojin abinci. Na kira sunanta daga ƙofa, abin da ban taɓa yi a bainar jama'a ba, ban ji amsa ba. Sai na ji an tayar da injin motar.

Na ruga. Yanzu na san ƙasar da nake, na san a nan ba a oda ta biyu. In motar nan ta tafi, an bar mu a tsakiyar hanya, ba yare, wayata ba ta kira a ƙasar nan, ga mara lafiya. Na hau na duba kujerunmu. Ba mu da jaka, ba mu da ƙulli, ba mu da ko leda da za ta nuna akwai mai wuri. Komai namu yana kan teku. Sai na cire hulata.

Tun ina saurayi ba wanda ya taɓa ganin kaina a buɗe a waje, 'ya'yana ma sai su ƙirga. Na ɗora ta a kujerar Hajiya, na gyara mata zama, na dawo bakin ƙofa na sa ƙafa ɗaya a matakala ɗaya a ƙasa, na riƙe ƙarfe. Direba ya nuna mini agogo yana magana da sauri. Wani mai kwat a tsakiya ya ɗaga murya. Ni kuma na yi wa direban magana da harshen da nake da shi.

"Direba, matata na ciki, ba ta da lahiya. Ni ma ɗan tasha na, na san lokacinka nika ci. Jiya jirgi ya bar mu, laihina na, ba nata ba. Don Allah kak ka bar ta."

Na nuna bayin mata, na kwaikwayi allura a cinya, na nuna hular. Hawaye suna zuba, ban damu da wanda ke gani ba. Ya juya ya dubi hular can baya ita kaɗai a kujera. Ya dubi sanƙona. Ya dubi agogonsa ya daɗe. Sai ya kai hannu ya kashe mota.

Ban taɓa jin shiru mai daɗin wannan ba. Ya juya ya faɗa wa fasinjoji wata magana gajeriya, mai kwat ya yi tsit. Mata biyu suka miƙe, ɗaya da hijabi, ɗaya da jan ɗigo a goshi, suka sauka da gudu. Jiri ne ya kwashe Hajiya ta zauna a ƙasa ta kasa tashi. Suka fito da ita a tsakaninsu, sun wanke mata fuska, sun gyara mata ɗankwali. Direba ya tashi wasu samari biyu daga kujerar da ke bayansa ya zaunar da mu, ya juyo mata da iskar sanyi. Mai jan ɗigo ta dawo kusa da mu, ta riƙe hannun Hajiya har Kelang tana yi mata magana a hankali, Hajiya tana amsa mata da "to, to".

Ruwan sama ya tare mu, motoci suka cunkushe a bakin gari, ni ina ta kallon agogon direba ta saman kafaɗarsa. Ƙarfe biyu da rabi muka shiga tashar Kelang. Bai bar mu mu yi ta dube-dube ba. Ya sauko da kansa, ya tsayar da tasi, ya nuna wa mai tasin takardar Madam Tan, ya buga agogonsa da yatsa kamar yadda ya yi mana. Na kama hannunsa da hannuwana biyu na kasa saki. Ya dafa ƙirjinsa, ya koma motarsa, don yana da sauran hanya.

Tun daga nesa na hango farin ginin nan a tsaye, igiyoyinsa a ɗaure. Alhamdu lillahi na yi ta faɗa har mai tasi ya fara taya ni. Rakiya tana bakin ƙofar tasha, ashe tun safe ta sauko ta zauna a wurin, jakar shuɗiya a cinyarta cikin ledar ƙanƙara da Ɗan Albarka ya yi ta canza mata. Ta rungume uwarta, ba mu tsaya gaisuwa ba. A kan bencin nan na buɗe jaka. Shekara takwas ina yin allurar nan hannuna bai taɓa rawa ba, ranar sai ya ƙi tsayawa. Hajiya ta miƙo hannu ta riƙe mini wuyan hannu har na gama.

Muka zauna jim kaɗan, Rakiya tana ta ba ta ruwa, tana cewa likitan jirgi yana jiranmu ciki. Ni na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Kwana guda cur matar nan ba ta ce mini uffan ba, na san in ta buɗe baki sai na gwammace teku ta haɗiye ni. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, ta ƙanƙance ido.

"Alhaji, ina hularka?"

Na taɓa kaina. Sanƙo ne tsirara, har ruwan sama ya jiƙa shi. Ashe haka na ratsa garin Kelang, haka na zauna gaban ɗiyata.

"Na bar ta cikin mota," na ce. "Ta kama miki wuri."

Hajiya ta dube ni, bakinta ya fara motsi, ta kai mayafi ta rufe, amma dariyar ta fi ƙarfin mayafin. Ta yi ta yi har hawaye, Rakiya ta kama, ni ma na kama, masu gadin ƙofa suna kallonmu.

"To tashi mu shiga," ta ce tana share ido, "tun ba a yi ta hwarko ba."

Kafin ta rufe baki na miƙe. Ƙarfe uku da kwata muka miƙa katunanmu, ni ne a gaba.

Na sayi wata hular a Singafo, ba ta zauna mini daidai ba har yau. Waccan kuwa, mai aikin zare shuɗi da fari, ɗinkin Keita, ban san inda take ba. Wataƙila tana nan tana zirga-zirga tsakanin Penang da Kelang a kujera ta biyun ƙarshe, gefen taga. Wanda ya tarar da ita kada ya ɗauke. Wurin Hajiya ne.